Hoton Giwan Ruwa da Inna a Gefe

Ni dai ban yi karatun da zan tara mutane in yi musu lacca ba. Aji uku na yi a elemantare, shi ma na ukun ban kai ƙarshensa ba. Ranar da malam ya ce gobe kowa ya zo da bulalar da za a dake shi da ita, na ga ai ilimin nan ya ishe ni haka, na koma bakin kogi, inda kifi ba ya tambayar mutum bakwai sau bakwai nawa ne. Sai da gemu ya fito na ɗan ƙara da yaƙi da jahilci, shi ya sa za ku ga rubutuna yana tafiya kamar kwalekwalen da matuƙinsa ke gyangyaɗi. Amma a maganar hoto, ko mai digiri ne ya zo sai ya nemi tabarma ya zauna ya saurare ni, domin ni an cuce ni a kanta, kuma wanda ya taka ƙaya ya fi kowa sanin inda take.

A gidan nan nawa yanzu, masu ɗaukar hoto sun fi masu tashi sallar asuba a kan lokaci yawa. Kowa da wayarsa. A kawo tuwo, kafin a yi bisimilla sai an ɗauke shi, kamar tuwon ne zai yi tafiya Makka. Jariri ya yi atishawa, hoto. Akuya ta haihu, hoto. 'Yan matan kuwa sai su tsaya gindin darbejiya su turo baki gaba kamar tarwaɗar da ruwa ya janye ya bari, su miƙa hannu sama su ɗauki kansu da kansu, su duba, su ce bai yi ba, su sake. To, amma ka ce da ɗayansu ya nuna maka hoton sunan ɗansa na bara, nan za ka sha labari. Wannan ya ce wayar ta faɗa ruwa a fadama ranar da yake jan injin ban ruwa. Wancan ya ce an zare masa ita a kasuwa. Waccan ta ce wai wayar ce ta cika, sai ta goge. Ta cika! Mu da muka tashi da rumbu, in ya cika godiya ake yi a gina wani, ba a taɓa zubar da geron bara don na bana ya sami wurin zama ba.

Mu a gidanmu kaf hoto ɗaya ne tak, kuma shi ma ba don mutum aka ɗauke shi ba. Na kifi ne. Ku yi haƙuri, zan zo kansa, tsoho ba ya shiga ruwa sai ya fara taɓa shi da ƙafa.

Ƙauyenmu a kan wani tudu yake tsakanin Haɗeja da Auyo, irin tudun da in damina ta yi nisa sai ya koma tsibiri, ba shiga ba fita sai da jirgi. Abin da na fi tunawa sauti ne. Kwaɗi su kwana suna musu, da asuba agwagin kirinjijiya su wuce ta saman gida suna fito, sai luguden mata ya ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, kana kwance kana gane tabaryar kowace. In rana ta ɗaga, ka ji masunta suna dukan ruwa da gora suna kiran juna da sunayen da ba a faɗa gaban surukai. Aikina a lokacin shi ne koran jan-baki a gonar shinkafa. A ɗaura gwangwanaye a igiya, in zauna a kan rumfa in ja in yi ihu har murya ta dushe, tsuntsayen su tashi daga gonarmu su sauka ta maƙwabci, ɗansa ya kore su su dawo tamu, haka za mu wuni muna aika wa juna baƙi. Da yamma kuma a tura ni itacen banda. Yau in ka je wurin, ciyawar kacala ta cinye hanyoyin ruwan da muka sani, ba abin da kake ji sai ƙugin injin ban ruwa da na babura, kuma yaron da aka sa koran tsuntsu yana kan rumfar, amma idonsa na kan waya, jan-baki na cin shinkafa a tsanake har da sa albarka.

Innarmu mutuniyar gabas ce, daga wajen Mangawa Baba ya auro ta. Doguwa, baƙa wuluk, ga harshe kamar aska. Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba har ta koma ga Allah, amma ba wanda ya isa ya yi mata dariya a gabanta. Ita ke yin bandar duk kifin da Baba ya kamo, kuma tana da magana ɗaya da take jifan kowa da ita in ya tsaya ɓata mata lokaci, wai kifi ba ya jiran mai surutu. A fuskarta akwai zanen mutanensu, guda ɗaya ya taso daga goshi ya sauko har karan hanci, sannan dogaye a kowane kunci. In ta yi fushi sai ka ga zanen ya miƙe tsaye kamar sandunan tuƙi, in ta yi dariya, wadda ba kullum ake samu ba, sai ya lanƙwashe kamar ruwa ya sha kwana. Na sha bin su da yatsa ina kan cinyarta tana tsefe mini ƙwarƙwata. Amma ban taɓa ƙirga su ba. Wa ke zama ya ƙirga zanen fuskar uwarsa? Ai kana ganin tana nan kullum.

Mu biyu ta bari, ni da Yayata. Yaya ce 'yar fari, don haka kamar yadda aka saba a gidan iyayen Inna aka haife ta. A shekarar nan ruwa ya yi yawa, Baba ya taso zai je suna, kogi ya hana shi, bai isa ba sai bayan kwana biyu da raɗa suna. Ya tarar wanzamin garin ya riga ya yi wa jaririya zanen dangin uwarta tsaf. An ce Baba ya shekara yana mita, wai an ba shi 'ya an riƙe fuskar. Ni da aka haifa a gida, billen gidanmu kawai aka yi mini.

To, ga ranar kifin. Da kaka ne, ruwa ya fara ja da baya, Allah ya ba Baba wani giwan ruwa da sai da mutum uku suka kama masa kafin a fito da shi tudu. Ana cikin kallo sai ga mai hoto a kan keke, ya taso daga Haɗeja zai ci kasuwar Auyo. Mutumin Kudu ne da ya daɗe a cikinmu, yana ɗauke da wani akwati mai ƙafa uku da baƙin mayafi da ɗan bokiti. Ya ga kifi, ya ga Baba yana hura hanci, ya san ya yi kasuwa tun kafin ya isa kasuwa. Nan dattawa suka rabu biyu. Wani tsoho ya rantse akwatin yana zuƙe jinin mutum ya rage masa kwana. Limaminmu ya ce shi dai abin da ya sani, wanda ya yi surar mai rai za a ce ya busa mata rai gobe kiyama, sai kowa ya yi tunani. Baba ya shafa gemu ya ce, "Allah gafarta Malam, kifin nan ai ya riga ya mutu, ba shi da sauran kwanan da za a rage masa. Ni kuwa riƙe masa kai kawai zan yi." Liman ya yi dariya ya kaɗa rigarsa ya tafi, mutane suka ɗauka fatawa ce.

A ranar na koyi duk abin da na sani na hoto, kuma har yau ban ga ɗan zamanin da ya fi shi ba. Mutumin nan bai yi gaggawa ba. Ya dubi sama ya juya akwatinsa har rana ta koma bayansa, ya ce haske fuska yake nema, ba ƙeya ba. Ya sa aka kawar da turmi, aka kori kaji, aka janye wani tsohon taru da ke rataye a jikin zana, ya ce duk abin da ka bari a bayan mutum zai zauna tare da shi har abada. Ya rage tsawon ƙafafun akwatin har idonsa ya yi daidai da idon Baba. Ya shiga mayafi, ya fito, ya gyara wutsiyar kifi, ya koma. Sau uku yana matsar da mu. Ni an tsayar da ni gefen Baba an ce kar in motsa, kar in ƙifta, ƙuda kuwa sun ji labarin kifi sun zo da danginsu.

Duk wannan abin Inna na ciki, ta hura wutar banda, itace na ci a banza. Ta aiko Yaya sau ɗaya, Baba ya ce ana zuwa. Ta sake aikowa, ya ce a ce mata ana aikin maza. A na uku ba ta aiko kowa ba. Ta fito da kanta ta tsaya a bakin ƙofar zana, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da wuƙar fiɗa, ta kafe ƙeyar Baba da ido. Daidai lokacin mai hoto ya cire murfin idon akwatinsa ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya mayar. Kafin kowa ya numfasa sai muka ji muryarta.

"Malam, in an gama ɗaurin auren kifin, a miƙo mini shi kafin ya fara wari."

Da mutumin ya gama 'yan dabarunsa a cikin akwati ya tsamo katin daga bokiti, ga kifi a tsakiya kamar shi ne mai gida, ga Baba ya banƙaro ƙirji. Ni na kai wa ƙuda duka, don haka ba abin da ya fito nawa sai kunne ɗaya da wani hayaƙi, shi ya sa tun daga ranar Yaya take ce mini Kunne, har yau da nake da jikoki. A can ƙuryar sama kuwa ga Inna, tar, ta fi kowa fitowa, domin fushi ya tsayar da ita yadda ko mai hoton bai isa ya tsayar da mutum ba. Ana ganin zanen nan ɗaya bayan ɗaya. Da aka nuna mata ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Wannan mai mugun kallon 'yar gidan wa ce? A yaga shi." Baba ya sa a aljihu.

Ba ta daɗe ba bayan nan. Zazzaɓin wata damina ya ɗauke ta, ko furfura ɗaya ba ta yi ba. Baba ya kai katin birni aka sa masa a gilashi. A da yana nuna wa kowane baƙo yana cewa ga kifinsa, bayan rasuwarta bai ƙara kiransa hoton kifi ba, bai kuma kira shi da wani suna ba. Sai dai in ka shigo ɗakinsa ba sallama ka tarar da shi riƙe da gilashin, babban yatsansa ya rufe kan kifin.

Da Baba ya rasu hoton ya dawo hannuna, na kuma yi masa laifi na farko da kaina, ba zan ɓoye ba. Na dawo Haɗeja da zama, na sa shi a akwatin ƙarfe na tura ƙarƙashin gado, wai ni mai adana. Mutumin da aka haifa a bakin kogi, ya ajiye abin da ya fi ƙauna a ƙasa! Shekarar da ambaliya ta shigo unguwarmu, sai da ruwa ya kwana uku a ɗakin kafin mu dawo. Wutsiyar kifi ta narke, ƙafafun Baba sun tafi, katin ya manne da gilashi kamar fata da nama. Amma ƙuryar Inna ta tsira. Na shanya shi a inuwa, na buga ƙusa can sama kusa da rufi na rataye, na kafa doka a gidan, kar wanda ya taɓa. Laifina na biyu ke nan. Na ce kar a taɓa, ban faɗi dalili ba, don mu haka aka rene mu, babba ba ya bayani. Yaran yanzu kuwa doka marar dalili a wurinsu gayyata ce.

Ina da wata jika, 'yar babban ɗana, tana karatu a kwaleji. Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Angona, ta ce sai na sayi haƙoran roba za ta tare. Duk cikin jikokina ita ce mai zama ta saurari labarina har ƙarshe, don haka ta san matsayin hoton nan a wurina. Na je Miga ta'aziyya na kwana uku. Ina dawowa, ban ko cire takalmi ba ta tare ni a tsakar gida, hannayenta a baya.

"Angona, rufe idonka."

"Idon da likita ya ce yanar ido ta cinye rabinsa? Ai a rufe yake, Amarya."

"Kai dai rufe. Tsarabar da ba a taɓa yi maka ba ce."

Na buɗe ido na ga wani ƙaton hoto mai launi, sabon gilashi yana ƙyalli. Ga kifi ya sami sabuwar wutsiya. Ga Baba da ƙafafu har da takalmin da bai taɓa sawa ba. Ni ma an ƙera mini kai, wani yaro mai kumatu da ban san shi ba. Na kai ido ƙuryar sama. Wata mace ce fara sol, fuska sumul kamar ƙwai, tana murmushi, a hannunta wani abu kamar mafici.

Na ce, "Amarya, wannan 'yar fim ɗin me take yi a ƙofar gidanmu?"

"Kai, Angona! Innarku ce fa. Gyara ta aka yi."

"Lalacewa ta yi da aka gyara ta? Ina zanenta?"

"Wane zane?"

"Ina hoton da ke bango?"

Nan ta fashe da kuka. Da ƙyar, tana kuka tana jan hanci, na tattaro labarin. Ta sauko da hoton ta ɗauke shi da waya, gilashi ya yi walƙiya bai fito sosai ba. Sai ta ce bari ta zare katin ta ɗauka da kyau. Tana ja, ya rabu biyu, fuskar Inna ta bi gilashi ta ruguje kamar ɓawon kifi busasshe. Tsoro ya kama ta, ta ɗauki wancan na farko mai walƙiya ta zuba shi a wata aba ta cikin waya wai ita manhaja, mai gyaran tsofaffin hotuna. Ita kuwa abar, da yake ba a bakin kogin nan aka haife ta ba, ta ga layuka a fuskar mace ta ɗauka ƙarzuwar takarda ce, ta share su tas. Ta ga baƙi ta ce duhu ne, ta haska. Ta ga fushi ta ce kuskure ne, ta sa murmushi. Wuƙar ma ba ta yarda mace za ta riƙe wuƙa a hoto ba.

Na ce, "To, wancan na farkon, mai walƙiyar, nuna mini shi. Ko da dishi-dishi ne ina so."

Ta sunkuyar da kai. "Wayar ce ta cika. Da na ga wannan ya fi kyau sai na goge shi."

Na zauna a kan turmi. Ubanta ya fito yana son ya sasanta, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma in ka duba da kyau ai wannan ya fi fitowa."

Na ce, "Kai ma da za a goge ka a kawo mini wani, ai da ya fi fitowa."

Abin bai tsaya nan ba. Ashe tun kafin in dawo ta tura shi zauren dangi na cikin waya. Na Kano sun gani, na Maiduguri sun gani, kowa na rubuta masha Allah, ashe kakarmu fara ce, ashe daga nan wance ta gado hanci. Wata jikar ƙanin Baba har ta ɗora shi a fuskar wayarta. Kafin la'asar zuriya guda ta karɓi baƙuwa a matsayin uwa, ba wanda ya tambayi tsohon da ya sha nononta. Da can mutum ɗaya ke yin ƙarya, in ta yi nisa ta kai ƙauye na gaba. Yanzu da yatsa ɗaya ake yinta ta riga mai gaskiya isa ko'ina.

Amma abin da ya tsorata ni daban ne, kuma ban faɗa wa kowa ba sai yanzu. Na jingine hoton a ɗaki, ina wucewa ina harararsa. Bayan kamar mako guda, ina zaune bayan sallar azahar, na rufe ido in kira fuskar Inna kamar yadda na saba, sai 'yar fim ɗin nan ta zo tana mini murmushi. Na kore ta, ta dawo. Shekara sittin da wani abu ina riƙe da fuskar nan, ashe rabin riƙon gilashin bango ne ke yi mini. Na zare hoton daga gilashi na ɗauko biro in mayar mata da zanenta. Na ja na goshi. Na zo kunci, hannuna ya tsaya. Uku ne ko huɗu? Na rantse uku ne. Na sake tunani na ga kamar huɗu. Na ajiye biro.

Da safe na ce da Amarya ta ɗauko wayarta da mayafinta. Muka hau acaɓa har inda hanya ta ƙare, muka shiga kwalekwale muna ratsa kacala, har ƙauyen da Yaya ta yi aure a bayan Auyo. Yaya ta haura tamanin, ta binne miji, ta aurar da jikoki, amma har yau ba ta yarda wani ya yi mata banda. Kuma ta gaji Inna a ƙin hoto. Ko na katin shaida sai da 'ya'yanta suka yi kamar za su yi kuka, shi ma ta rufe ido ta kau da kai. Muka same ta a bayan ɗaki cikin hayaƙi, tana juya karfasa a kan ragar banda.

"Kunne, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya. Zumunci ne."

"Zumuncinka da ba ya tashi sai da dalili. Wannan mai jan idon fa, kai ka dake ta?"

Na miƙa mata hoton. Ta goge hannu a zani, ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa. "Kifin na gane shi. Wannan matar fa?"

"Wai Inna ce."

"Inna? Inna ce za ta yi wa mutum murmushi kifi na rana?" Ta juya wurin Amarya, wadda ta riga ta fara sabon kuka. "Ke 'yar nan, share hawayenki. Wanda ya sa hoto a ƙarƙashin gado a garin ruwa ba shi da bakin yi wa kowa faɗa."

Na haɗiye wannan, don gaskiya ce. Na ce mata zane na zo ƙirgawa. Ta ce fuskarta ba allo ba ce. Na ce ko minti ɗaya. Ta yi tsaki ta zauna a kan kujerar tsugune, ta ɗago kai. Sai na ga wata matsalar, tsufa ya yi nasa zanen a kan na wanzami, ba ka gane wanne ne wanne. Da ta ga ina ta lalube da ido, ta sa yatsu biyu ta ja fatar kuncinta ta miƙe. Suka fito. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta juya ɗaya kuncin, huɗu.

"Nawa ka ce da?"

"Uku."

"Ka cinye wa uwarka biyu, Allah ya shirye ka."

Na zaro biro zan ja a kan hoton, ta buge mini hannu. "Ka yi wa baƙuwa zane ta zama uwarka? Bar matar mutane."

Na mayar da biro aljihu. Can na ce, "To, ki bari yarinyar nan ta ɗauke ki."

"Inna ba ta so ba, ni ma ba na so."

"Inna ai ba a tambaye ta ba. Yaya, dubi gidan nan naki. Cikin 'ya'yanki da jikokinki wa ke da zanen nan? An daina. Ranar da aka rufe ki, an rufe shi ke nan, sai waccan mai maficin ta zauna a wurin Inna har tashin duniya."

Ta dubi yaran da suka taru suna kallonmu, fuskoki sumul gaba ɗaya. Ta daɗe tana dubansu. Sannan ta miƙe tana dafa gwiwa. "A yi sauri, kifina na kan wuta. Kuma ke, in kika gyara ni, sai na gyara ki."

Amarya ta ɗaga waya za ta danna, na ce tsaya, yau aikin masana ne. Na juya ta har rana ta koma bayanta. Na sa aka kori kaji, aka ɗauke wani bokitin roba. Na ce ta ɗan durƙusa idon wayar ya yi daidai da idon Yaya. Na ce Yaya ta matsa bakin ƙofar zana. Ta matsa. Na ce a'a, ta dawo hagu kaɗan. Ta dawo. Na ce inuwa ta faɗo mata a goshi, ta koma inda take da. Allah ya gani, tun a matsawar farko hasken ya yi daidai. Wani abu nake jira. Sai ga ƙaurin karfasa ya taso daga bayan ɗaki. Na ga hannun Yaya ya tafi ƙugu, ɗayan da wuƙar da ta manta ba ta ajiye ba, ido ya kafe, zanen nan takwas da na goshi suka ture tsufa suka miƙe tsaye.

Na ce a hankali, "Amarya, yanzu."

A makon muka kai aka wanke shi a kati, guda uku, ina tsaye a kan mai shagon kar ya ƙara ko ya rage. Ku iyayen yara masu wayoyi, wannan ita ce laccar tawa, ba ta da yawa. Cikin dubun da kuke tarawa ku zaɓi ko biyar ku fitar da su a takarda, ku bar wa mutum fuskar da Allah da danginsa suka ba shi, ku juya baya ku rubuta ko wane ne, ku raba a gidaje daban-daban don ruwa ba ya cin gari biyu rana ɗaya, kuma in kun ce kar a taɓa, ku faɗi dalili. Ni da hannuna na aji uku na rubuta a bayan kowanne, na sa kwali tsakanin kati da gilashi. Ɗaya na tura Kano, ɗaya yana sama kusa da rufi a kan tsohuwar ƙusa. Amarya ta tura shi zauren dangi da dogon bayani, mutum biyu kacal suka ce masha Allah, wata ma tambaya ta yi wai me ya ɓata wa tsohuwar rai. Har yanzu mai maficin ce a fuskar wayoyinsu. Na gaji da faɗa.

Na ukun na kai wa Yaya da kaina. Na zata za ta ce a yaga. Ta karɓa ta zauna a bakin ƙofa, ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa, ta bi kuncin da yatsa har ƙasa.

"Allah sarki, Inna," in ji ta. "Ashe haka za ta yi da ta tsufa."

Ta cusa shi cikin zaninta, ta ɗago ta dube ni.

"Amma Kunne, ka sani, karfasa shida ka ƙona mini."